Ɗan Fari a Kan Dandamali

Duk wanda ya san shagon kitson nan na High Point Road a garin Greensboro na Amurka, wanda ke tsakanin mai sayar da tsofaffin motoci da kantin da ake samun daddawa, ya san dariyar Saadatou. In ta taso mata, sakin gashin da ke hannunta take yi ta dafe bango, wadda ake yi wa kitson ta zauna da rabin kai a tsefe tana jiran a gama. Tana yi wa Oumou abokiyar aikinta dariya, tana yi wa masu tallan maganin ƙiba a talabijin, har ɗan sandan da ya taɓa tsayar da ita a titin Wendover sai da ta yi wa, har ya sallame ta. Mutum ɗaya ne tak a duniya bai taɓa ganin haƙoranta ba, wato ɗanta na fari, wanda Allah cikin ikonsa ya ajiye masa abincinsa a sana'ar ba mutane dariya.

Sunansa Hamissou. Dole mu ne za mu faɗa, don ita ba za ta faɗa ba. A Damagaram inda ta tashi, mace mai kunya ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ma ana yabonsa sai ta tuna ta bar tukunya a wuta. Haka uwarta ta yi, haka kakarta ta yi, kuma ba a taɓa jin yaron da abin ya kashe ba, domin gida cike yake da mata. Kaka ta goya, goggo ta yi masa rawa, wata inna ta ɓoye masa ƙanzo. Uwa ta kau da kai, sauran matan gida su yi mata aikin. Shi kansa Hamissou a ɗakin kakarsa ya yi ta kwana har ya yi wayo. Sai Malam Seydou mijinta ya samu zama a Amurka, ya aiko a kawo masa iyalinsa. Saadatou ta haɗa muciyarta da turaren wutarta da kunyarta ta hau jirgi da yaron. Matan gidan ne ba su samu biza ba.

A gidan haya mai ɗaki biyu ba kaka ba goggo, sai maƙwabtan da ba sa amsa sallama. Aka haifi Yasmina, ita kuwa ba ta fari ba ce, saboda haka aka goya ta, aka yi mata waƙa, aka kira sunanta har ya kusa tsufa. Haihuwarta ta yi wa Saadatou rana ta wani gefen ma, don yaron ya samu abin da za a kira shi da shi. Daga "kai" da "wannan yaron" ya koma "yayan Yasmina". Shi dai yana kallo. Sai ya tsiri kwaikwayo a wurin cin abinci. Yau mai gidan haya ne ya zo duba famfo, gobe limamin Juma'a ne mura ta kama shi, jibi Malam Seydou ne yake taya mota da Turancinsa da bai fi cikin cokali ba. Malam Seydou ya shaƙe da shinkafa, Yasmina ta faɗo daga kujera. Saadatou kuwa sai ta miƙe ta shige kicin, ta buɗe famfo har ƙarshe, ta sunkuya a kan kwanuka ta yi ta dariya har da hawaye. Abin da yaron ke gani kawai bayanta ne tana fita. Washegari sai ya ƙara himma, ita ma ta ƙara buɗe famfo, da haka har ya zama gwani.

An so ya karanta haɗa magunguna. Ya shiga jami'a ya ɗan taɓa, ya dawo ya ce shi tsayuwa zai riƙa yi a gaban mutane da makirufo yana ba su labari suna dariya. Malam Seydou ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce ya ji wannan, to shi aikin ina yake. Hamissou ya fara a wani ɗan gidan shaƙatawa a nan cikin gari inda ake ba kowa 'yan mintoci, ya wuce New York, daga can ya zarce Los Angeles. Sai aka fara ganinsa a talabijin ɗin shago. Ya fito a direban tasi da aka tambaya ko ya ga wani mutum, ya ce bai gani ba. Ya fito a ɗan sarkin wata ƙasar Afirka da babu ita, yana yafe da fatar damisa. Akwai shekarun da ya sha fitowa a ɗan ta'adda mai rawani ana harbe shi tun bai buɗe baki ba, har matan masallaci suka fara yi wa Saadatou jaje. Daga ƙarshe ya samu wani wasan barkwanci na mako-mako, inda yake fitowa a maƙwabcin da ke shigowa gidan mutane ba sallama ya buɗe firij, kuma daga nan ne Turawa suka fara tare shi a filin jirgi suna neman hoto.

Duk sa'ad da ya bayyana, shagon kan kaure da ihu.

"Saadatou, ga ɗanki! Ga ɗanki a tele!"

Ita kuwa sai ta ƙara sunkuyawa kan tsagar da take yi, ta ce wa mai kan, "Ki daina motsi." In an jima kaɗan sai ta tuna akwai abin da za ta ɗauko a ɗakin ajiya, ta shiga ta ja ƙofa.

Shekarar da Malam Seydou ya rasu, Hamissou ya hawo jirgi ya iske gida maƙil da masu gaisuwa. Ya tsaya a bakin ƙofa da jaka a kafaɗa, idanunsa jawur. Saadatou ta gan shi, tausayinsa ya kama ta, ta ji kamar ta tashi ta rungume shi su zube tare. Amma ɗakin cike yake da mata 'yan gida, kowace ta san ya kamata. Ta dubi ƙasa ta ce, "An iso? A zuba wa yayan Yasmina abinci." Sannan ta jawo Yasmina ta kwantar da kanta a cinya. Tun daga wannan shekarar zuwansa ya fara ja da baya. Sallah ta wuce bai zo ba, wata ta sake wucewa, sai dai ya bugo wa ƙanwarsa ya ce a gaida Mama. Saadatou ta ɗauka aiki ne ya yi masa yawa, har ma tana ganin yaron ya fara sanin kunya, abin ya yi mata daɗi.

Wata rana da bazarar 2007 suna cikin cunkoson motoci a Wendover, Yasmina ce ke tuƙi, don yanzu ta shiga jami'a kuma ita ce ƙafar uwarta. Ta rage rediyo.

"Mom, Hamissou zai yi show a nan garin. Na talabijin ne, za a ɗauka, shi kaɗai a kan stage daga farko har ƙarshe. An ce ya zaɓi duk garin da yake so, ya ce Greensboro."

"Allah ya taimaka."

"Ya ajiye miki kujera. Front row."

"A gaba? Gaban jama'a?"

"Eh. Kuma Mom, please, ki yi dariya. Ko sau ɗaya."

Saadatou ta gyara mayafi. "Ke ba ki da hankali. A ina kika taɓa jin uwa ta zauna cikin taro tana wage baki ga ɗan fari?"

"Ya san al'adar, an sha gaya masa. Amma ya ce shi gani yake kin dace ne kawai, kin samu al'adar da ta yi daidai da abin da ke ranki. He thinks you can't stand him. Gani yake ba kya ƙaunarsa."

"Wa ya gaya miki wannan maganar banza?"

"Shi da bakinsa. Har therapist ɗinsa ya gaya wa."

"Wane ne kuma wannan?"

"Wani irin likita ne. Zuwa ake yi a zauna a gaya masa damuwa."

"Bature?"

"Eh."

"Ya kwashi maganar cikin gida ya kai wa Bature," in ji Saadatou, ta juya tana kallon kantunan bakin hanya.

"Ya ce in wannan karon ma kika tashi kika ba shi baya, shi ke nan. Zai daina wahalar da ke."

Maganar ta soki Saadatou inda ba ta zata ba. Ita da ta ɗauka kunya ce ta hana shi zuwa, ashe tafiya yake yi a hankali, kuma ya kusa kai ƙofa. Tsoro ya kama ta, irin wanda rabonta da shi tun rasuwar mijinta.

Ta yi kwanaki tana juya abin a ranta. Dariya a gaban jama'a dai babu ita, ko a mafarki. Rasa yaron ma babu shi. Tana cikin yi wa wata ma'aikaciyar banki kitso dabara ta faɗo mata, har ta yi mamakin yadda ta yi shekaru ba ta gano ba. Ai a gida ma ba uwa ke yin dariyar ba, yi mata ake yi. Abin da yaron ya rasa tun zuwansu ƙasar nan ba komai ba ne illa goggo. Ta dubi Oumou, mutuniyar Maraɗi, wadda ba ta daɗe da zuwa ba, kuma duk Turancinta bai wuce ta ce wa mace ta zauna ko ta sunkuyar da kai ba.

"Oumou, aiki zan ba ki. Za ki zauna kusa da ni ranar wasan yayan Yasmina, ki yi masa dariya."

"Ni da ba na jin Turancinsu?"

"Ba ji aka ce ki yi ba. Goggonsa za ki zama. In ya yi magana ya tsaya, sai ki yi."

Oumou ta yi ɗan tunani. "Bon. Mai ƙarfi ko 'yar daidai?"

"Yadda zai ji."

Hankalin Saadatou ya kwanta. Kujeru biyu aka ba su a gaba, don haka aka tura Yasmina can baya tana ta ƙunƙuni da Turanci, ba wanda ya kula ta.

Sau biyu za a yi wasan a ranar, ɗaya bayan la'asar, ɗaya da dare. Saadatou ta zaɓi na farko, don kada magariba ta riske ta a gidan wasa. Wani tsohon gini ne a tsakiyar gari, mai jajayen kujeru da fitilu a rufi. A ƙofa Bernard ya tarye su, mutumin da ke nemo wa Hamissou aiki, dogo mai sanƙo da waya maƙale a kunne. Ya ce da Turanci lallai tana alfahari da ɗanta. Saadatou ta ba shi amsar da duk uwa mai mutunci za ta bayar, ta ce masa yaron har yau bai iya wanke kwano ba. Bernard ya ƙyalƙyale, ya ce yanzu ya gane inda aka gado abin. Ita ba ta ga abin dariya ba.

Oumou ta kama aiki da wuri. Wani mutum ya fito ya gwada makirufo, ya yi magana ya tsaya, ta sheƙe da dariya har mutanen layi na biyu suka leƙo.

"Ba shi ba ne," in ji Saadatou.

"Na sani. Gwaji nake yi ni ma."

Aka rage fitilu, aka kira sunan da ƙarfi, ɗakin ya ɗauki tafi da fito. Hamissou ya fito cikin baƙar riga, kuma tun kafin ya kai ga makirufo idonsa ya sauka a kanta. Saadatou ta nemi inda za ta kai nata idon ta rasa. Hagu Oumou ce, dama wani ƙaton Bature mai cin gugguru, gaba kuwa ba komai sai shi. Rabon da ta dube shi sosai haka tun yana cikin zanen goyo. Ta ga goshin ubansa, ta ga ya rame, ta tabbata ba wanda ke ba shi abincin kirki a can. Ta ɗaure fuska tamau ta ɗora hannu a kan jaka.

Turancinta na kujerar kitso ne, na shekara da shekaru tana sauraron matan Amurka suna zagin mazajensu, saboda haka ba abin da ya wuce ta. Ya fara da yadda ake cajinsa a filin jirgi, ya ce har ya saba, in ma'aikaci bai taɓa shi ba sai ya ji kamar an yi fushi da shi. Ya ba da labarin fim ɗin da aka kashe shi tun mutane ba su gama neman kujera ba. Ɗakin yana ta girgiza, Oumou kuwa ba ta yi ha'inci ba, duk inda ya tsaya tana nan. Ya tsaya shan ruwa, ta yi. Ya tsaya gyara wayar makirufo, ta yi. Can ya sassauta murya ya ce da ma mahaifinsa ya ga wannan rana, ɗakin ya yi tsit, sai muryar Oumou ita kaɗai ta tashi har da dukan cinya. Saadatou ta mintsine ta, amma aikin gama ya gama.

Hamissou ya sauko da ido ya kalli Oumou na ɗan lokaci, fuskarsa ba yabo ba fallasa.

"Ku yi mata haƙuri," ya ce wa jama'a. "Wannan ɗauko ta aka yi aiki."

Ɗakin ya fashe. Saadatou ta rasa wanda ya kai masa labari, kuma a daidai nan ta ji wani abu ya motsa a ƙasan cikinta, abin da ta sani sarai. Ta cije leɓe ta fara tuno mutanen da suka rasu.

Akwai wata kyamara a kan dogon ƙarfe da ke ta shawagi a saman kawunan mutane. Sai ga ta ta sauko tana leƙen fuskarta kamar akuya ta ga kwano a buɗe. Ta ɗaga kai, ta ga kanta a ƙaton allon da ke bayansa, da ɗaurin ɗankwali da komai.

"Jama'a, ga mahaifiyata," in ji Hamissou. "Ku dube ta da kyau. Wannan ita ce fuskarta ta farin ciki."

Mutane suka ɗauka shiri ne, suka yi ta tafi. Ya bayyana musu cewa a al'adarsu uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, wasu suka yi dariya don sun ɗauka ƙarya ce. Sai ya gyara tsayuwa.

"Ba mu daɗe da zuwa ƙasar nan ba na ɓata a wani ƙaton kanti a Wendover. Ta je wurin mai gadi ta ce ɗanta ya ɓata. Ya ce ba komai madam, yanzu za a kira shi a lasifika, ya sunansa?"

Ya kama mayafin da babu shi ya ja ya rufe gefen baki, ya karkatar da kai, ya kafa wa wani wuri can kusa da takalmin mai gadin ido. Ita ce sak, har da ɗan tsuke hancin da ita kanta ba ta san tana yi ba sai yau.

"Mai gadi ya ce, madam, sunansa. Ta ce, ai shi ya san sunansa."

Baturen da ke damanta ya watsar da guggurunsa. Saadatou ta tuna ranar. Ta tuna yadda sunan ya zo har kan harshenta ya tsaya. Ba ranar dariya ba ce ko kaɗan. Amma jan mayafin nan ya cuce ta, abin da ke cikinta ya hauro har ƙirji.

"Ya ce, to me zan faɗa? Ta ce, ka ce wanda ya san ana nemansa ya fito. Wallahi haka aka faɗa a lasifika. Sai ga magidanta suna fitowa daga layin kaya da hannu a sama, ɗaya har yana kuka yana cewa zai mayar da abin da ya ɗauka."

Nan fa ta san ba za ta kai ba. Dariyar ta iso maƙogwaro, kyamara na kanta, rabin Hausawan Greensboro na bayanta, ga matan masallaci, ga duniya gaba ɗaya a talabijin. Ta miƙe tsaye, ta danne baki da mayafi, ta kama hanyar da ke tsakanin kujeru tana sauri. Dariyar ɗakin ta riƙa mutuwa layi-layi duk inda ta wuce. Kafin ta kai ƙofa wurin ya yi tsit, ta ji muryarsa a bayanta ta ƙarasa labarin ba tare da wani armashi ba.

"Ni dai ban fito ba. Ban san ana nemana ba."

Ba wanda ya yi dariya sai Oumou.

Ta ɓulla filin ajiye motoci na bayan ginin, rana ba ta ko faɗi ba. Motar Yasmina a kulle take, don haka ta zauna a kan ɗan dakalin da ke gefenta, ta lulluɓe fuska gaba ɗaya, ta saki abin a cikin mayafi. Ba sauti, sai jijjiga da hawaye. In ta ɗan lafa sai ta tuno mutumin da zai mayar da abin da ya ɗauka, ta koma sabuwa. Ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a haka ba, sai ta ji an buɗe ƙofar baya, ta ji taku ya nufo ta ya tsaya.

Hamissou ne, da hoda a fuska da wata 'yar waya tana reto a wuyan rigarsa. Ya ga mace a duƙe, fuska a rufe, kafaɗu na rawa. Ya durƙusa a gabanta yadda aka koya masa tun yana Damagaram, ya yi magana da Hausarsa da ta tsaya cak tun ranar da ya hau jirgi.

"Mama, ki yi haƙuri. Na yi laifi. Ban so ki yi kuka ba."

Ta so ta amsa, amma ta san in ta buɗe baki asiri zai tonu. Ta ƙara danne mayafin.

"Zan ce wa Bernard a cire duka. Na dare ma ba zan faɗi komai a kanki ba. I promise. Gobe zan koma. Ba zan sake sa ki zauna ki dube ni ba. Na san ba ki so. Na daɗe da sani, kawai na so in gwada sau ɗaya."

Dariyar ta ɗauke mata ɗif. Ba fushi a muryarsa, ba gori, kuma wannan ne ya fi tsorata ta, don da fushi yake yi da ta san zai huce. Sallama yake yi mata cikin ladabi. Ta leƙa ta gefen mayafi ta ga ƙato ne mai gemu a durƙushe a kan kwalta, amma idanun na yaron nan ne da ke binta da kallo duk sanda ta nufi kicin. Ta ji zuciyarta ta karye. Ta nemi maganar da za ta faɗa masa, ta tarar ba a taɓa koya mata ita ba, kuma ba yau za ta koya a bayan gidan wasa ba.

"Tashi," ta ce daga cikin mayafi.

Ya miƙe.

"Juya bayanka."

"Mama?"

"Ka juya, na ce. Ka dubi bangon can. Kuma kar ka waiwayo."

Ya juya ya fuskanci bangon jan bulo, inda ba komai sai bututun ruwa da wata ƙofar ƙarfe. Saadatou ta duba hagu ta duba dama. Ba kowa a filin sai motoci.

"Sake yin na kantin nan."

"What?"

"Daga inda mai gadi ya yi tambaya."

Da alama ya ɗauka hukunci ne, kuma ya yarda ya cancanta. Ya fara da murya ƙasa-ƙasa, yana ba bango labari. Da ya zo wurin, hannunsa ya tafi da kansa ya kama mayafin da babu shi, kansa ya karkace. Ko ta baya ma ita ce.

Saadatou ta sauke mayafinta ta saki dariyar. Ita ce dai wadda duk High Point Road ta sani, mai farawa da tari ta ƙare da salati, har tana dukan ƙofar motar Yasmina da tafin hannu. Tsuntsayen da ke kan rufi suka tashi.

Hamissou ya sandare. Hannunsa yana nan a sama inda ya kama mayafin, bai sauke ba. Ta ga wuyansa ya fara karkatowa.

"Kar ka kuskura," ta ce tana haki. "Kuma wa ya ce ka tsaya?"

Ya ci gaba. Sana'a sana'a ce, bai tsallake ko kalma ba. Ya yi mai gadi, ya yi lasifika, ya yi mutumin da zai mayar da kaya har da kukansa, ita kuma tana bayansa tana cewa wayyo cikinta, Allah ya shirye shi, wannan yaro ba shi da mutunci. Sai ya iso ƙarshe, ya faɗa wa bangon a hankali cewa shi dai bai fito ba, don bai san ana nemansa ba.

Saadatou ta share ido da gefen mayafi. Ta karkatar da kai, ta kafa wa wani wuri can kusa da takalminsa ido.

"An neme ka," ta ce. "Layi-layi aka bi ana nemanka, har takalmi ya tsinke ba a sani ba."

Hamissou ya ɗaga hannun rigarsa ya share fuska, hodar ta bi baƙin yadin. Ya daɗe a tsaye yana kallon bangon, kafaɗunsa na motsi. Bai waiwayo ba, don ba a ce ya waiwayo ba.